Goron da Malam Jelani Ya Aika Giyawa

Mutanen Goronyo da suka riski Malam Jelani da tsufansa, abu biyu suke tuna shi da su. Na farko albasa, don fangalinsa, wurin noman rani na bakin gulbi, bai taɓa ba shi kunya ba. Na biyu kuwa, ba ya ba kowa goro. Ko suna aka yi a gidansa, dabino ake rabawa. Masu tsegumi sukan ce rowa ce, to amma mai rowa ba ya cika wa maƙwabci kwando da albasa sannan ya hana shi goro guda. Abin yana da asali, asalin kuwa yana can cikin shekarun ƙarshe na mulkin Turawa.

A Wurno aka haife shi, a gidan malamai. Mahaifinsa ya rasu yana ƙarami, sai ƙanen mahaifin, Malam Attahiru, wanda ke aikin rubutu a kotun alƙali, ya riƙe shi tare da mahaifiyarsa Bara'atu. Shi ya sa shi boko bayan ya sauke Alƙur'ani. Yaron yana da kai, daga wannan makaranta sai a tura shi waccan, har aka wayi gari yana Ingila. Ya yi digiri, ya ƙara wani, sannan ya shiga na uku, wanda in mutum ya gama ake ce masa dakta. Abin da yake karantawa shi ne yadda jama'a ke zama da juna, da abin da ke sa mutum ya yi laifi, da yadda mutane ke yi da mai laifi a tsakaninsu. Irin wannan digiri ba a aji ake samunsa ba. Sai mutum ya shiga cikin jama'a ya yi tambaya, ya saurara, ya koma ya rubuta littafi guda a kan abin da ya gano. Wannan ya dawo da shi gida, bayan an ɗebe amfanin gona, da akwati da keke da izinin gwamnati.

Ranar da ya iso, Malam Attahiru ya dube shi sama da ƙasa a zaure ya ce, "Wai kai Jelani, mi kaka karantawa can duk shekarun ga?"

"Laihi nika karantawa, Baffa."

"Laihi! Anka rasa abin da za a aike ka ka koyo sai laihi? Ai da ka zamna kotu kusa da ni, kullum sahe ka gan shi kyauta."

Aka yi dariya, har da Jelani. Ya bayyana masa cewa satar shanu ya zo bincike, a ƙasar Wurno da Rabah da Goronyo. Ba ɓarayi yake nema ba. So yake ya gane dalilin da ya sa talaka, in an sace masa sa, ba ya zuwa kotu, amma sai ka ga san ya dawo.

Kowa a ƙasar ya san amsar, ba a dai faɗa ne. Akwai dattawa masu shiga tsakani, kuma wanda ya fi su suna a lokacin shi ne Maccido na ƙasar Giyawa. Da ƙuruciyarsa ya yi shekaru yana kora shanun fatake zuwa kudu a ƙafa, ta haka ya san mutanen daji, nagari da miyagu. Da ƙarfi ya ragu sai ya zauna yana noman gero da damina, da rani kuma ya sauka fadama ya yi albasa. In an sace wa mutum dabba, yakan zo wurinsa da ɗan goro a hannu, ya zauna ya faɗi kamanninta. Maccido ya karɓi goron ya ce masa ya koma gida. Shi kuma ya hau jakinsa ya shiga daji. Bayan 'yan kwanaki sai a tsinci dabbar ɗaure a gindin tsamiya bayan gari. Mai ita ya ba da ɗan abin da ya sawwaƙa a kai wa mutanen da ba a ambata ba, magana ta mutu. A wurin talaka wannan taimako ne. A dokar Turawa kuwa, wanda ya san ɓarawo bai kai shi ba, shi ma ɓarawo ne.

Jelani ya bi hanya kamar yadda ɗan mutunci ke bi. Duk garin da ya shiga, sai ya fara gaida mai gari, ya sauka inda aka sauke shi. Ya zauna da waɗanda aka yi wa sata, da makiyaya, da mahauta. Sai da sanyi ya kama sosai sannan ya kai ga Maccido. Ya same shi a fadama yana ban ruwa da jigo, doguwar sanda mai guga a kai da dunƙulen laka a gindi. Dattijon bai tsaya ba sai da fangalin ya sha.

"Kai ɗan wa na?"

Jelani ya faɗi sunan mahaifinsa.

"Allah shi jiƙan Malam. Shi yar raɗa ma ɗiyata suna. To ɗan Malam, an ce tambaya kaka yawo da ita gari gari awa mai tallan gishiri. In na hwaɗa maka, ina magana za ta?"

"Ƙetaren teku za ta, Baba. Kuma sunanka ba shi shiga. Malamanmu sun hana. Wani suna nika sa maka, garin ma in canza shi."

"Wane suna?"

"Wanda duk kaka so."

Maccido ya washe baki. "Sa mini Alhaji, tunda Allah bai nuhe ni da zuwa ba." Ya goge hannu a zane, ya miƙo. Dariyar ta bar fuskarsa. "Amana ta?"

"Amana ta, Baba. Ba abin da za shi same ka ta dalilina."

Daga ranar ya riƙa zuwa. Suna zaune a inuwar rumfar kara, Maccido ya buɗe masa abin da bai taɓa buɗe wa kowa ba, ko matarsa Kulu. Ya gaya masa yadda fari da haraji ke mayar da makiyayi ɓarawo, da yadda ake aika saƙo cikin daji, da irin mutanen da ba a roƙonsu don ba su da kunya. Har sunaye ya faɗa. Jelani yana rubutawa yana canza su nan take, kamar yadda aka koya masa. A ransa ya riga ya ga littafinsa a gabansa.

Da ya koma Wurno hutawa, yana ba mahaifiyarsa labarin kirkin mutanen da ya zauna da su, sai Bara'atu ta ajiye mazarin da take kaɗi ta ce, "To mi ka aika musu?"

"Na yi musu godiya, Inna."

"Da baki? Dattijo shi ba ka wuninai, shi bar aikinai, ka tashi ka kakkaɓe riga ka taho? Ingila anka koya maka haka, ba gidan ga ba."

Ta sa aka sayo goro fari mai kyau. Ita da kanta ta yayyafa masa ruwa, ta ƙulla cikin ganye, ƙulli ƙulli, na Maccido ya fi kowanne girma. Jelani ya ce zai kai da hannunsa in ya koma. Ta ce a'a, wannan raini ne. Goron gidan malamai ba a cusa wa mutum shi a aljihu kamar abin kunya. Ana aika shi wurin mai gari, mai gari ya ba manzonsa, manzo ya yi sallama a ƙofar gida da rana tsaka ya ce ga godiyar gidan wane, maƙwabta su ji, mai gida ya san an girmama shi. Jelani ya san haka ake yi tun yana yaro. Bai ga komai a ciki ba sai ladabi. Aka aika.

Cikin kwanakin nan ne wani Baturen mulki ya fito rangadi ya sauka a Rabah, ya aika a kira masa Jelani su sha shayi da la'asar. Mutum ne mai fara'a, kuma ya san garin da Jelani ya yi karatu. Jelani ya daɗe bai sami wanda zai yi irin wannan hira da shi ba, baki ya buɗe. Ya gaya masa cewa shanun da ke dawowa ta hannun dattawa sun fi waɗanda kotu ke dawowa da su nesa ba kusa ba, kuma shi ya ji haka daga bakin masu yi. Baturen ya tambayi su wane ne. Jelani ya ce ba shi da ikon faɗa. Baturen ya yi murmushi ya ce ya fahimta, ya ƙara masa shayi.

Ba a daɗe ba aka kore garke guda a kusa da Rara, na wani mai hali. Magana ta yi girma, ta kai sama. Baturen bai sake neman Jelani ba, don labarin goron godiyar da ya aika gidaje ya riga ya kai kunnensa. Ya tura 'yan doka su zaga wurin masu gari, su tambayi manzanni tambaya ɗaya tak, wane gida da wane gida suka kai wa goron Malam Jelani. Manzannin ba su ga abin ɓoyewa ba, tunda da rana suka kai, kowa na gani. Aka bi gidajen ɗaya bayan ɗaya. Yawancinsu da aka bincika sai aka ga mutanen da aka yi wa sata ne, aka sallame su. Maccido kuwa aka ɗaure masa igiya a ƙugu ranar kasuwa, aka tafi da shi.

Jelani yana Wurno bai sani ba, sai ga Kulu matar Maccido a kan jaki, ƙafafunta duk ƙura. Ba ta karɓi ruwan da aka miƙa mata ba. Ta shiga har tsakar gida, ta kwance bakin zanenta, ta ajiye ƙullin ganye a gaban Bara'atu. Ganyen ya bushe, goron ya fara yanƙwanewa.

"Ga goronku, Malama. Bai ci ba. Ya ce na gidan malamai na, sai Salla za shi hwasa shi." Ta juyo ga Jelani. "Ni ban san mi kunka yi magana a kai ba, ɗan nan. Abin da nis sani, tun da nika duniya ban taɓa ganin gidan da anka kai ma goro anka biyo shi da igiya ba, sai namu."

Bara'atu ta kama baki. Jelani ya tsaya yana lissafi a ransa. Ya canza suna, ya canza gari, ya canza har shekarun mutumin. Duk abin da malamansa na Ingila suka ce a ɓoye ya ɓoye. Ba wanda ya taɓa ce masa komai a kan goro, don su ba su da shi.

Ya tambayi Kulu wa ke ban ruwa a fadama. Ta ce ba kowa, ɗiyansu mata ne, kowace tana gidan mijinta. Washegari ya ɗaure tabarma a bayan keke ya tafi Giyawa. Kulu ta nuna masa jigon da hannu. Hannun da ya saba da alƙalami ya kumbura ya fashe. Ruwan da ya ɗebo rabinsa a ƙafarsa yake zubewa. Mutanen fadama da suke gaishe shi da fara'a a da, yanzu in ya yi sallama sai su amsa suna kallon gugansu. Ya ci gaba da zuwa.

Can sai Malam Attahiru ya aika a ce wa Jelani ya dawo. Ya same shi a zaure, ba dariya wannan karon. Ya ce masa ba a sami shaidar komai a kan Maccido ba, kuma dattijon ya rufe bakinsa. Abin da ake so shi ne Jelani ya tsaya gaban alƙali ya faɗi abin da ya ji, da sunayen mutanen daji na gaskiya. Baturen ya ce a gaya masa, cikin ladabi, cewa izinin bincikensa da tallafin komawarsa Ingila duk ta kan teburinsa suke bi.

"Ba ƙarya anka ce ka yi ba, Jelani. Abin da kaj ji za ka hwaɗi. Mutumen ga ya san ɓarayi ko bai san su ba?"

"Ya san su, Baffa."

"To! Shekara nawa muna jiran ka? Uwarka ta tsuhwa tana jira. Ƙasag ga duka ba mu da dakta ko guda, ga shi Turawa na shirin tahiya, wa za shi riƙe ayyuka? Ka zubar da wanga abu duka saboda mai jaki?"

"Hannuna yar riƙe, Baffa. Ni nac ce mishi amana ta."

Attahiru ya daɗe yana jan gemu. Shi malami ne, ya san nauyin kalmar fiye da ɗan nasa. Ya ce a hankali, "Da ka tambaye ni kahin ka ɗauke ta, da na hana ka." 

Jelani ya shiga cikin gida. Bara'atu tana zaune, ƙullin goron yana nan kan faifai inda Kulu ta bar shi, ba wanda ya iya taɓa shi. Ya jira ta ce masa wani abu, ko ta ce ya tafi, ko ta ce ya tsaya. Abin da ta ce kawai shi ne, "Ni nak ƙulla shi." Ya ce mata shi ya aika. Daga nan ba su sake tayar da maganar ba.

Ranar shari'a kotu ta cika har waje. Aka shigo da Maccido, ya rame, gemunsa ya yi buzu-buzu, ya zauna a ƙasa bai dubi inda Jelani yake ba. Baturen yana gefe a kan kujera, hularsa a gwiwa. Alƙali, wani tsoho mai sanyin murya, ya tambayi Jelani ko ya taɓa zama da wannan mutum. Ya ce ya zauna. Ya tambaye shi ko ya ji wata magana daga bakinsa a kan ɓarayin shanu.

Jelani ya tuna ɗakinsa na Ingila, da malaminsa mai farin gashi wanda ya raka shi har bakin jirgi, da shekarun da ya yi yana cin abincin da bai saba ba. Sannan ya ce, "Allah shi gahwarta Malam, na ji magana, ba ni musun haka. Amma amana yab ba ni ita kahin shi buɗe baki, ni kuwa nik karɓa. Ba ni iya maishe ta shaida."

"Ka san abin da za shi biyo bayan wagga magana?"

"Na sani."

Alƙalin ya dube shi, ya dubi Baturen, ya ce shi ba ya iya matse shaida daga bakin da ya ƙi bayarwa. Ya tambaya ko akwai wani mai shaida. Babu. Aka kawo Alƙur'ani, Maccido ya yi alwala ya rantse cewa ba shi da hannu a shanun Rara kuma bai san wanda ya kore su ba. Gaskiya ya faɗa. Aka kwance shi. Baturen ya sa hularsa ya fita, ya wuce ta gaban Jelani kamar bai taɓa ganinsa ba. Kafin damina ta faɗi, an sanar da Malam Attahiru cewa an janye izinin, tallafin ma ba za a sabunta ba.

Bayan shari'ar Jelani bai tsaya Wurno ba, ya koma fadama, don albasar ba ta isa cira ba. Yana kan jigo da hantsi sai ga Maccido yana tafe da sanda, a hankali. Ya tsaya bakin fangali, ya duƙa, ya tona gindin albasa guda da yatsa, ya shinshina.

"Ruwa ya yi yawa, ɗan Malam. Za ka ruɓar mini da ita."

"Baba, ka gahwarta mini."

"Rage ruwa," in ji Maccido. Ya je ya zauna a rumfa.

Suna nan sai ga wani mutum ya gangaro daga tudu, talaka ne daga wajen Lahodu, rigarsa duk faci. Ya yi sallama, ya durƙusa, ya fito da goro biyu daga aljihu. An sace masa bijiminsa ja mai karyayyen ƙaho, shi ke nan abin da ya mallaka. Maccido ya dubi goron, bai miƙa hannu ba.

"Maida goronka, ɗan'uwa. Ba ni da hanya yanzu."

"Haba Baba, kai ko? Ai an sake ka."

"An sake ni nan. Su can sun ji an kai ni gaban Bature, sun ji kuma na zamna da mai rubutu. Wa za shi gaya musu ban yi magana ba? In na shiga dajin ga yau, ko ƙurata sunka hango, tashi za su yi. Tahi kotu."

Mutumin ya daɗe a durƙushe, kamar bai gane ba. Sannan ya mayar da goronsa aljihu, ya tashi ya hau tudu. Jelani ya bi shi da kallo har ya ɓace, guga a hannunsa yana ɗiga. Bijimin nan bai dawo ba. Waɗanda aka sace bayansa a wannan yanki ma, kaɗan ne suka dawo.

Jelani bai koma Ingila ba. Ya sami aikin koyarwa a wata ƙaramar makaranta a ƙasar Goronyo, ya yi aure a nan. Da rani, in an tashi yara, ya hau keke ya sauka fadamar Maccido, har dattijon ya daina iya ɗaga guga, aikin ya koma hannunsa gaba ɗaya. A nan ya koyi albasa. Maccido ya koya masa lokacin dashe da lokacin ɗauke ruwa, yakan tsokane shi ya ce masa daktan jigo, amma har ya bar duniya bai sake yi masa maganar daji ba, shi kuma bai sake tambaya ba. Kulu ta daɗe kafin ta fara zuba masa fura a ƙwaryarsa daban.

Bayan Turawa sun tafi, wasu abokan karatunsa da suka zama manya sun zo har gida, suka ce a shirye suke su buɗe masa hanya ya je ya ƙarasa. Ya yi musu shimfiɗa, ya sa aka yanka musu kaza, ya saurare su har suka gama. Ya ce musu littafin da zai rubuta, duk ɗan ƙasar nan da ya karanta zai gane ko wane ne Alhaji mai jaki, kuma mutanen da Alhajin ya ambata suna da ɗiya da jikoki a kasuwannin nan. Da za su tafi ya cika musu bayan mota da albasa. Ɗayansu ya leƙo ta taga ya ce cikin raha, "Malam, ko ɗan goron hanya babu?" Jelani ya ce masa babu, Allah ya kiyaye hanya.